Wanda Ya Dafa Shayin Takardata

Ina rubuta wannan alhali jikina bai gama komawa daidai ba. In babbar mota ta ja da baya kusa da ni, ko a bakin kasuwa ne, sai na nemi bango ko kafaɗar wata na dafa. Gwaggona ta ce in daina tunawa. Na gwada, bai yiwu ba, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin tun daga farkonsa.

Ni 'yar Tajaye ce. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu takardar bepese, na taɓa lise, makarantar gaba da ita, kaɗan, karatun ya tsaya. Gwaggona da ke aure a Malbaza ita ta samo mini gwajin aiki a wani ƙaramin kamfanin dakon siminti. Aka ce in yi 'yan watanni ana duba ni. Mai kamfanin yana zaune a Ƙonni. In ya zo ya ga aikina ya gamsu, a riƙe ni, in bai gamsu ba in koma gida. A gidanmu ba wanda ya taɓa zama bayan tebur, mace ko namiji. Ranar da zan taho, innata ta raka ni har bakin hanya tana gyara mini mayafin da ba abin da ya same shi. Ban so in koma mata da jakata a ka.

Buron, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne da taga mai kallon fili. A jikinsa akwai rumfar da direbobi ke salla da hira. Daga nan sai filin, mai faɗi, inda manyan motoci ke jeruwa, can ƙarshensa kuma magaza, ɗakin ajiyar kaya mai dogon bango. Mu uku ne a buron. Akwai Shef, shugaban wurin. Akwai Madam, babbar sakatare, Bazabarma ce da ta biyo mijinta garin tun ban zo duniya ba, gwiwarta guda na damunta. Sai ni. Aikina iri biyu ne: in buga takardu a ordinata, wato kwamfuta, in kuma kai wa direbobi bon, wato takardar izinin ɗaukar kaya. Ana kai wa kowa a motarsa ne, domin layi tafiya yake yi, in direba ya sauka duk na bayansa sun tsaya. Saboda haka ratsa filin nan shi ne rabin aikina.

Abu na farko da Madam ta koya mini shi ne not. Haka ake ce wa takardar sanarwar da shugaba ke fitar wa ma'aikata. A lakwal an nuna mana siffarta, lamba a sama, magana gajera, sa hannu da tambari a ƙasa. Dalilin rubuta ta ne ba a koya mana ba. Shef yakan shigo ransa a ɓace, yana zagaya ɗaki yana faɗa da Hausa, har da sunan mai laifin da na ƙauyensu. Madam tana saurare tana goge tabarau. In ya gama sai ta juyo ta ba ni da Faransanci, ta zare sunan, ta zare fushin, abin da ya rage in buga. Kullum da magana guda take farawa: ana sanar da dukkan ma'aikata.

Wata rana na tambaye ta. "Madam, in mutum guda yay yi laihi, don mi za a rubuta ma kowa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke, rabin mutanen ga sun haihi Shef. Ki na so ya kira dattijo ya tsaishe shi gabanai ya yi mashi hwaɗa? Gobe da wane ido za su gaisa? Takarda ita ba ta jin kunyar kowa. Buga."

In an sa hannu, kwafi guda ya shiga fayil, guda a manna a allon bakin ƙofa. Amma yawancin direbobin ba sa karanta Faransanci, don haka not ba ta zama not sai an karanta ta da Hausa a rumfa bayan azahar. Da Madam ke yi, da na zo ta bar mini. Ranar farko na karanta cewa an hana ɗora dabbobi bisa lodin siminti. Na gama, sai wani direba Bagobiri, mai baki kamar rediyo, ya ce, "To jama'a, wagga ta wa ta?" Kowa ya ɗaga kai yana kallon kwanon rumfa. Can sai wani siriri, wanda duk duniya ta san shi da sayen awaki a Bazaga, ya tashi ya ɗauko furno, ɗan murhun ƙarfe, da butar shayi ya hau hura gawayi.

Ashe al'adar wurin ke nan. Wanda not ta shafa shi ke dafa shayin ranar. Ba ya cewa ni ne, ba a ce masa kai ne. Ya dafa, a sha, a yaba ko a kushe shayin, magana ta mutu a nan. Bagobirin nan ya fi kowa dafawa. Ya dafa na not ɗin hana matsa oda, ya dafa na ta hana barci ƙarƙashin mota. Har akwai not ɗin da ta ce a riƙa kiran ma'aikatan buro da ladabi gaban baƙi, domin shi da Madam abokan wasa ne, ba ya ganinta bai ce "baiwata" ba, ita kuma ta ce masa, "Kai bawa, wa yas sake ka?" Ranar ya dafa shayin, ya kai mata kofin farko har tebur, ya durƙusa ya ce, "Ranki shi daɗe, Madam baiwata."

Mutum guda ne bai taɓa dafa shayin not ba, tsohon direban da kowa ke ce wa Baba. Shi ya koya wa Shef riƙon sitiyari a zamanin da Shef ke bin mota. Ba shi da yawan magana. Motarsa ta fi kowace tsufa, ta fi kowace tsabta. In na miƙa masa bon yakan karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗiyata." In ya biyo ta Galmi yakan ajiye mini ƙullin albasa ya ce in kai wa gwaggo.

Motarsa ce ta kusa kashe ni.

Da hantsi ne, rana ta fara zafi. Na fito da bon a hannu, kaina a sunkuye ina duba lambobin motoci, na yanke ta bayan motar Baba don in rage hanya, tsakaninta da bangon magaza. Ban ji ta tashi ba, filin duk ƙugi ne. Inuwa kawai na ga ta rufe takardar. Da na ɗago, ƙarfen bayanta yana tahowa. Na ja baya, bayana ya bugi bango. Dama da hagu babu inda zan bi da sauri. Ƙarfen ya taɓa ƙirjina, mai zafi, ya danna, na ji numfashina ya tsaya a wuya. Ina jin warin man inji da garin siminti. Abin da ya zo mini a rai, ban san dalili ba, shi ne ban wanke kwanon gwaggo da na ci tuwo da safe ba.

Bagobirin ne ya hango. An ce ya diro daga motarsa ba takalmi, yana dukan ƙofar Baba da hannu biyu yana ihu. Motar ta tsaya, ta matsa gaba, na zame na zauna a ƙasa. Ban karye ba. Ƙujewa ce a hannu, sai shatin ƙarfe da ya yi kwanaki a ƙirjina. Madam ta zo da gudun da ban san tana da shi ba, ta rungume ni tana zuba mini ruwa a ka. Ta gefen kafaɗarta na ga Baba zaune a ƙasa jikin taya, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba, yana ta maimaita innalillahi. Kowa na tambayata, ni kuma ina cewa, "Ba komi, lahiya lau." Baba ma abin da na ce masa ke nan, ban dube shi ba.

Washegari na zo aiki. Na ɗauki bon, na kai bakin ƙofa, ƙafafuna suka ƙi. Ba wai na yi shawara ba ne. Na ce su tafi, suka tsaya. Wata mota ta saki iskar birki, na koma ciki da baya na zauna. Na ce wa Madam injin buga takarda ya cije, bari in gyara. Ta dubi injin, ta dube ni, ta karɓi bon ɗin ta fita tana jan gwiwa. Haka muka yi ta yi. Yau in ce ciwon kai, gobe in ce akwai wasiƙar gaggawa. In direba ya gifta ta taga in roƙe shi ya miƙa wa na kusa da shi. Takardu suka fara sauka hannun da ba nasu ba, mai zuwa Tawa ya karɓi na mai zuwa Madawa. A gida ban gaya wa gwaggo cewa ba na iya ratsa fili ba. A buro kuwa ba sai na faɗa ba, kowa na gani.

Sai wata safiya Shef ya shigo yin not. Wannan karon bai zagaya ɗaki ba, bai ɗaga murya ba, bai ambaci sunan kowa ba. Ya tsaya a taga ya ba mu baya ya yi magana a hankali. Madam ta juya mini, na buga: ana sanar da dukkan ma'aikata cewa daga yau, har zuwa sabon umarni, kowane direba zai zo tagar buro da kansa ya karɓi bon ɗinsa ya sa hannu, ba a aiko wani. Tun ban kai ƙarshe ba haruffan suka fara narkewa a idona. Na buga not da yawa kafin nan, ban taɓa buga tawa ba. Shef ya sa hannu, ya buga tambari, ya fita bai dube ni ba, na kuma gode masa da rashin dubawar.

Madam ta sa yatsa a kan layin tsakiya. "Kin gane wanga? Har zuwa sabon umarni."

Na ce na gane.

"Ba ki gane ba. Lokaci na anka ara maki. Mai kamfani na nan tahe ƙarshen wata. In yaz zo yat tarad da direbobi tsaitsaye ga taga, motoci ba kowa ciki, tambaya guda zai yi: yarinyar ga mi anka ɗauke ta yi? Shef ba shi da amsa, ni ma ban da ita. Kin ji ni, ɗiyata?"

Na ji ta sarai.

Da tsakar rana na fita ta ƙofar baya na sayo ganyen shayi da sukari a shagon da ke jikin buro. Mace ba ta zama a rumfar direbobi ta hura gawayi, amma na yi niyyar in na gama karatu in ajiye ƙullin gaban Bagobirin ya dafa a madadina, kowa ya gane na karɓi abata. Bayan azahar na tsaya na karanta. Bagobirin bai yi tambayar da ya saba yi ba. Ina ƙoƙarin zaro ƙullin daga ƙarƙashin mayafi, sai na ga Baba ya dafa gwiwa ya miƙe.

Bai ma san inda ake ajiye kayan ba. Ya duba bayan tabarmi, ya duba ƙarƙashin benci, sai da wani ya nuna masa da haɓa. Ya ɗauko furno, ya tsuguna, dattijo mai farin gemu, yana hura gawayi toka na tashi a fuskarsa. Shef da ke bakin rumfa ya juya ya shige buro. Ni kuwa na tsaya da takarda a hannu guda, sukari a ɗaya. In na ce tawa ce, na karya abin da wurin ya ginu a kai, na kuma nuna wa kowa cewa Baba ya yi kuskure a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa. In na yi shiru, ya tafi da ita. Shirun na yi. Ya dafa shayin, ya yi ɗaci, aka sha ba wanda ya kushe.

Daga ranar direbobi suka fara zuwa taga. Suna gunaguni, suna tsokana. Bagobirin ya ce wannan doka ta yi masa daɗi, yanzu kullum sai ya ga baiwarsa ta yi masa hidima. Madam ta ce ya matsa, warin hammatarsa na kashe mata ordinata. Kowa ya zo, ban da Baba. Bon ɗinsa ya kwana a tire, ya sake kwana. Kullum da safe yana zuwa, ya goge motarsa, ya shimfiɗa buhu a inuwarta can jikin bangon magaza ya zauna. Salla kaɗai ke kawo shi rumfa, ya sallame ya koma. Motar ba ta motsa daga inda ta tsaya ranar nan ba.

Na ji Madam da Shef ta bayan ƙofa.

Madam ta ce, "Kira Baba ka gaya mashi not ɗin ba tashi ba ta."

"Ni? Mutumin da ya ɗauke ni ina wanke taya? In kira shi buro in ce mi?"

"To sake wata not."

"Duk wadda nir rubuta yanzu, cewa zai yi tashi ta. In sake sa shi hura gawayi?"

Bagobirin ne ya kawo mini sauran labarin. Ya sa hannu a bon ɗinsa, ya ƙi tafiya, ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Sakatare, na yi mashi magana. Na ce Baba, ba don kai anka yi ta ba. Yac ce in bar lallashi nai, shi ba yaro ba na. Gani shi kai an rubuta ta don kada ki sake matsowa kusa da motatai. Ya ce ba shi iya tsayawa gaban tagarki ya miƙo hannu. Maganar aje makulli shi kai, wai ya koma gona."

Madam ba ta ce mini je ki ba, ko sau ɗaya. Abin da ta fara yi kawai, kullum da safe sai in tarar ta cire bon ɗin Baba daga tire ta ɗora mini a kan madannan ordinata. In ɗauke in mayar, gobe in sake tarar da shi. Wata ya yi nisa. Ina kallon filin ta taga kamar mai kallon gulbi a damina.

Ranar da na fita ba ta bambanta da sauran ba. Ban yi wata jarumta ba, kuma ba tsoron ne ya ragu ba. Na ɗago kai ne na hango Baba ya cire makulli daga aljihu yana juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallonsa. Na ɗauki bon ɗin na miƙe tun kafin in ba kaina damar tunani. Na tsallake bakin ƙofa. Zafin ƙasa ya ratso takalmina. Motoci na ƙugi dama da hagu, kowace taya ta kai ƙirjina. Na yi 'yar tafiya sai na tsaya a tsakiyar fili, gaba ta yi nisa, baya ta yi nisa.

"Sakatare!" Bagobirin ne, ya leƙo daga saman motarsa. "Ina ganinki. Ƙahwata na bisa birki. Wuce."

Na wuce gabansa. Na kusa da shi, mai awakin nan, ya leƙo shi ma. "Na gan ki, ƙanwata. Tahi." Na gaba ya ɗaga mini hannu ta gilashi. Ba wanda ya kashe inji, aiki ake yi, amma duk motar da na nufa sai na ga fuska ta leƙo. Ina tafe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Da na kai inuwar motar Baba, ban iya kallon bangon ba. Na durƙusa gabansa, rabi gaisuwa, rabi ƙafafu ne suka gaji.

"Baba, ina kwana."

Ya dube ni, ya dubi takardar. "Ɗiyata, mi ya kawo ki nan? An hana. Ke kinka karanta muna."

"Tawa ta, Baba." Muryata ta fito kamar ta yarinya ƙarama. "Don ni anka rubuta ta. Tun ranar nan ƙahwahuna sunka ƙi hita hili. Shef ya ga za a kore ni, shi na yas sa ku zo taga. Ba kai ba na."

Ya miƙo hannunsa na dama, ba don karɓar bon ba, ya buɗe mini shi. Yana rawa kamar nawa.

"Kin gani? Tun ina saurayi ni ka ja da baya, ban taɓa taka ko kaza ba. Yanzu in na hau na dubi madubi, ban ganin kowa. Rashin ganin na ka ba ni tsoro. Ranar ma ban ga kowa ba."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Shi ma ya sa gefen rawani yana goge ido, yana cewa garin siminti ne. Muka zauna haka, tsoho da yarinya, a inuwar motar, ba mai lallashin wani. Can ya ja numfashi ya ce, "Ashe shayin wata nid dahwa. Shi ya sa bai yi daɗi ba." Dariya ta kuɓuce mini cikin kukan, har na shaƙe.

Ya karɓi bon ɗin da hannu biyu. Ya miƙe, ya kama ƙofar mota, ya tsaya. "Ki yi mani abu guda. Tsaya can gaba, hannun hagu, inda ni ka ganinki. Kada ki gusa sai na hita. In na san inda ki ke, zan iya."

Na je na tsaya inda ya nuna. Ya tada inji, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina, duk jikina ya ce in gudu. Na dunƙule mayafina a hannu na kafa ido a fuskarsa ta gilashi, shi ma idonsa na kaina. Motar ta matsa gaba, ta karkata, sannan ya sa ta da baya don ya shiga layi. Ina jin ƙarar na rufe ido, na tuna ya ce yana kallona, na buɗe. Ya shiga layin tsaf. Ya leƙo ya ce, "In za ki ratsa, ki bi inda ki ka ganin huskar direba ga madubi. In ba ki ganin tashi, shi ma ba ya ganin taki." Na koma buro ta gaban motoci. Madam tana buga wani abu, ba ta ɗago ba, amma na lura takardar da ke gabanta a juye take.

Ba a rana ɗaya na warke ba, har yau ma ban warke ba. Washegari na kai na motocin kusa, Madam ta bar na nesa a taga. Bayan nan na ƙara nisa. Akwai ranar da na kai tsakiya na dawo, na zauna na huta, na sake fita. Da Shef ya ga yawancin bon ni ke kaiwa, ya sa na buga not mai layi guda, cewa an koma yadda ake yi da. Bagobirin ya ce zalunci ne, an raba shi da baiwarsa.

Mai kamfanin ya zo ba sanarwa, kafin ma wata ya ƙare. Ina can wajen magaza lokacin da ƙaramar motarsa ta shigo. Na hango shi tsaye da Shef a bakin buro, suna kallon fili, ba hanyar dawowa sai ta gabansu. Wata mota na ja da baya a hannun dama. Na tsaya har na samu fuskar direban a madubi, ya ɗaga mini yatsa, na ratsa. Ina jin zufa na bin bayana. Na iso na durƙusa na gaishe shi.

Ya amsa, ya juya wajen Shef. "Ita ta sabuwar?"

"Ita ta."

"Tana da natsuwa. A riƙe ta." Ya ci gaba da maganar tayoyin da suka zo da ita.

Na shiga buro na fita ta ƙofar baya, na tsuguna jikin bango na amayar da duk abin da na ci. Madam ta biyo ni da buta. Ta riƙe mini goshi har na gama, ta zuba mini ruwa a hannu na kurkure baki, ta gyara mini mayafi.

"An riƙe ni, Madam."

"Na ji, ba kurma ba ta ni. Wanke huskarki da kyau. In kin tashi ki kira innarki ki gaya mata, sannan ki zo, motocin Tawa na jira."